Rasuwar Makwarwa, Motar Saje Mika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya tokare a ƙahon zuci wanda ba a saba ambatonsa a irin wannan takarda ba, Saje Mika Bawa mai ritaya, na unguwar Rikoto a garin Zuru, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da tsofaffin abokan aikinsa na bariki, da duk wanda ya taɓa ɗaga masa hannu a bakin hanya ya tsaya, rasuwar motarsa wadda aka fi sani da Makwarwa. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe uku na rana, a kan hawan da ke tsakanin Manga da Zuru, bayan jinyar wata uku. Ta yi shekara goma sha tara a hannun Saje, ban da shekarun da ta yi a ƙasar Turawa, waɗanda ba ta taɓa ba kowa labarinsu ba.

Marigayiya 'yar Kwatano ce. Saje ya saye ta a shekarar da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya, ya tuƙo ta da hannunsa tun daga Legas har ƙofar gida. Gajera ce, ruwan ƙasa, mai dunƙulallen baya kamar an sare mata wutsiya. But ɗinta, wato wurin kaya na baya, ɗaki ɗaya yake da fasinja, ta yadda in an sa akuya a baya sai ta riƙa shinshinar ƙeyar wanda ke zaune a gabanta. Matan unguwa ne suka raɗa mata suna tun ranar farko, ganin yadda take kutsawa cikin ciyawa da sauri, kai a ƙasa.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da kirki. Ba ta da ci: ɗan man da wata za ta kurkure baki da shi, ita sai ta je Bena ta dawo. Ba ta da girman kai: babu lungun da ta taɓa cewa ya yi mata kaɗan. Ta kai amare goma sha ɗaya ɗakin miji. Ta kai masu naƙuda asibiti ba adadi, har ɗaya ta sauka a kujerarta ta baya kafin a buɗe ƙofar asibitin, yarinyar da aka haifa kuwa yanzu tana ajin ƙarshe a sakandare. Ta taɓa ɗaukar matan zumunta na coci su bakwai da tulunan kiɗansu zuwa taro a Dirin Daji, wata a kan cinyar wata, suna waƙa tun daga tashi har sauka. Saje ya ce a rubuta cewa a wancan zamani babu wadda ta ce gwiwarta na ciwo.

Maƙwabta za su yi kewar muryarta. Kowace safiya sai ta yi gyaran murya sau biyu, kyar-kyar-kyar, kyar-kyar-kyar, a na uku ta ce ɓurum, daga nan kowa ya san shida da rabi ta yi. Odarta siririya ce, fiiit, kamar ta mai neman izini. Ƙofarta ta dama kuma ba ta rufuwa sai ta ce ƙiiii, sannan gau.

Takardar rasuwa ba wurin tone-tone ba ce. Amma Saje ya dage sai an faɗi inda ciwon ya faro, don masu zuwa gaisuwa su san abin da za su ce da wanda ba za su ce ba.

Saje yana da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, Solomon, dillalin hatsi a kasuwar Bena, kuma tsakar gidansu ɗaya. A cikin marigayiya Solomon ya koyi tuƙi, shi ne ma ya fasa mata fitilar hagu a jikin mangwaron gida, ta yafe masa. Ana saura kwana huɗu Kirsimetin bara, sai ga Solomon da wata baƙar jif mai ƙyalli. Sai da aka rushe ginshiƙin ƙofar gida ɗaya kafin ta samu shiga. Da ya ajiye ta gefen marigayiya, rufin Makwarwa da ƙyar ya kai tsakiyar tagarta, inuwarta kuwa ta lulluɓe 'yar talika gaba ɗaya. Unguwa ta cika gidan, ana shafawa ana leƙe. Saje ya miƙa wa ƙanensa hannu ya ce Allah ya sa alheri, ya shige ɗaki. Tuwonsa na ranar kaji ne suka ci. Tun daga lokacin bai taɓa kiranta mota ba, Rumbu yake ce mata.

Faston cocinsu ne ya fara sauya sheƙa, da hujjar ciwon baya. Matan zumunta suka bi, har suna cewa yanzu mutum zai je taro da gwaggwaronsa a tsaye, ba sai ya sunkuya kamar mai shiga akurki ba. Saje ya haɗiye duk wannan. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne Lahadin farko ta sabuwar shekara. Ya ta da mota, ya buɗe ƙofar dama, yana jiran matarsa Saloma kamar kullum. Ta fito da littafin waƙoƙinta, ta tsaya tsakanin motocin biyu.

"Baban Glory, yau zan bi Solomon. Gwiwar nan ta matsa mini."

"Maman Glory, shekara goma sha tara gwiwar nan tana shiga motar nan. Yau ta san ciwo?"

"Ta daɗe tana ciwo," in ji Saloma a hankali. "Ban faɗa ba ne, don babu inda zan kai ta."

Ranar nan Saje ya tafi sujada shi kaɗai da kujeru huɗu wayam, yana bin bayan Rumbu yana shan ƙurarta. Bai ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba.

Laraba da rana Solomon ya wanke jif ɗinsa, ya bar ƙofofi a buɗe don ciki ya sha iska, ya tafi kasuwa a kan babur. Saje ya duba gabas ya duba yamma, ya fito da zuciyar soja mai leƙen asirin abokan gaba. Ya auna da taƙi, ya sake aunawa. A tsawo Rumbu ta ba marigayiya taƙi biyar. A faɗi ta ba ta ɗaya da rabi. Daga bakin kujerar baya zuwa bayan ta gaba, inda gwiwa ke zama, na Makwarwa taƙi ɗaya ne ba ƙari, na Rumbu biyu har da rara. But ɗin da ke cin buhu biyu da addu'a, ga wani nan da zai haɗiye shida bai yi gyatsa ba. Ya danna kujera da babban yatsa, ta lotsa, ta taso a hankali kamar ƙullin burodi. Saje ya ce a rubuta cewa bai zauna ba. Aibi ɗaya kacal ya samu: tsayinta daga ƙasa, don matakinta ya kusa kai masa gwiwa.

Yana durƙushe yana wannan awo sai ya ji murya daga gindin mangwaro. Ashe mahaifiyarsu, Kaka Keziah, wadda ta doshi shekara casa'in, tana kan tabarma tun ɗazu tana kallonsa.

"Mika, tela ka koma? Riga za ka ɗinka mata?"

Ya kakkaɓe gwiwa ya koma ɗaki.

A watan Fabrairu marigayiya ta fara tari. Ta riƙa fitar da farin hayaƙi, tana shan ruwa kamar mai zazzaɓi. Saje ya kai ta wurin likitanta na tun fil azal, Ɗan'azumi makanike na bakin tasha, mutumin Argungu. Ya buɗe bonet, ya saurara, ya girgiza kai.

"Saje, wagga mota ta gaji. Lagireto na yoyo, kan inji ya hwara ɗaukar zahi. Cikin gari ka lallaɓa ta, amma don Allah kak ka kai ta hawa."

Saje ya ce ya ji. A ransa kuwa ya yi imani ba lagireto ba ne, kaɗaici ne. Motar da ta saba da hayaniyar mutum bakwai, yanzu sai numfashin tsoho ɗaya.

Ana cikin haka, a tsakiyar zafin Afrilu, Kaka Keziah ta ce a kai ta Manga kafin ruwa ya sauka. Tana so ta ga ƙanwarta wadda ido ya mutu mata, ta kuma zauna a bakin kabarin mijinta, don ba ta san ko za ta ga wata bazara ba. Aka sa ranar Asabar. Babu wanda ya ko tambayi da wace mota za a je. Solomon ya goge jif har tana ɗaukar ido, ya sa filo biyu a kujerar gaba, ya buɗe ƙofa ya tsaya kamar direban gwamna. Saje yana gefe, hannu a aljihu.

Tsohuwa ta dogaro sandarta ta iso. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Ta sake, ta kasa. Aka kawo kujera 'yar tsuguno, ta taka, ta ji tana rawa, ta sauko.

"Inna, bari in ɗaga ki," in ji Solomon.

"Ni buhun dawa ce? Ka saba da lodi, ɗan nan."

Ta juya, ta taka a hankali zuwa wurin marigayiya, ta ja ƙofar dama da hannunta, ta ba kujera baya ta zauna kamar mai zama a bakin gadonta, sannan ta jawo ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Mika, ta da abarka mu tafi."

A nan ne Saje ya tuna da maganar Ɗan'azumi, kalma bayan kalma. Da ya buɗe baki ya faɗa, da an nemo dabara, da yau babu wannan takarda. Amma ya dubi ƙofar jif a buɗe, ya dubi filo biyu da ba wanda ya hau, ya dubi fuskar ƙanensa. Wata huɗu yana jiran irin wannan rana. Ya cika jarka biyu da ruwa, ya jefa a but, ya shiga ya murɗa ki. Marigayiya ta tashi a bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta.

Ita ce a gaba, Rumbu a baya da sauran iyali. Da aka isa Manga kuwa Allah ya ƙara wa Saje. Hanyar tsohon gidansu ta bi ne tsakanin rumbuna da manyan duwatsu, jif ta leƙa ta ga ba mashiga, dole aka ajiye ta a filin makaranta. Fasinjojinta suka sauko cikin rana, da kwanuka da ƙullin tsaraba a ka, Saloma a cikinsu tana ɗingishi. Makwarwa ta sulale ta tsakanin duwatsun, ta ce fiiit, ta sauke tsohuwa a bakin ɗakin ƙanwarta. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suna kuka suna dariya cikin harshen gida. Daga baya Kaka ta zauna a bakin kabari ta daɗe tana magana ita kaɗai. Saje ya ce tun da ya tuɓe kaki bai ga rana mai daɗin wannan ba.

A hanyar dawowa ne ajali ya yi kira. Da aka fara hawan, allurar zafi ta ɗaga kai. Saje ya gan ta. Wari irin na tukunyar da ta ƙone ya fara shigowa, ya ji shi. A madubi ya hangi Solomon yana haska masa fitila yana danna oda, yana nuna ƙasa da hannu, don yana ganin layin ruwan da marigayiya ke zubarwa a kan hanya. Saje ya gane sarai abin da ake faɗa masa. Amma tsayawa na nufin ya buɗe bonet a gaban kowa, ya tsaya da jarka a hannu, Rumbu na gefe tana huci mai sanyi, a ranar da ya ci nasara. Ya ce a ransa saura kaɗan a kai kan tudu, daga can gangara ce har gida. Ya ƙara taka totur.

Marigayiya ta yi iya yinta, kowa ya shaida. Ta ce kaf-kaf-kaf, ta ja jiki, ta ce kaf, kaf. Sai aka ji tas. Daga nan wani dogon shhhhh, farin tururi ya tashi, ta yi shiru. Tsakaninta da kan tudun bai fi jifa ɗaya ba.

Saje ya juya zai ba mahaifiyarsa haƙuri, sai ya ga kanta ya langaɓe a jikin ƙofa, leɓenta a bushe, idanu a lumshe. Ya kira ta sau biyu kafin ta amsa da ƙyar. Babu inuwa ko ta kara a wurin, cikin motar kuwa kamar tanda. Saje bai ko kalli bonet ba. Ya zagayo da gudu, ya sungumi tsohuwa a hannu biyu, ya nufi motar da ya yi wata huɗu yana kauce wa inuwarta.

"Solomon, buɗe baya! Kunna sanyin nan duka!"

Ya hau da ita. Yana hawa tsohuwar ta motsa baki, ya kara kunne, sai ya ji ta ce, "A hankali da buhun."

Aka kwantar da ita a kujerar baya, ta miƙe sambal, kanta a cinyar Saje. Saloma ta juyo daga gaba tana ɗiga mata ruwa a baki. Ba a yi nisa ba numfashinta ya daidaita, ta buɗe ido ta dubi rufi can sama.

"Mika, ashe hunturu suka ɗaure a cikin abin nan."

A asibiti aka ce zafi ne kawai ya buge ta, kuma yanzu haka tana gida lafiya lau tana faɗa da kowa. Iyali na godiya ga Allah.

Akwai abin da Saje ya so a ɓoye, daga baya ya ce a rubuta, tunda soja ba ya ba da rahoton ƙarya. Ramukan hanyar nan ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke sa fasinja ya ciji harshe da wanda ke haɗa kai da rufi. Ranar nan ya yi ta jiran su, ya ga sun zo sun wuce ta taga, bai ji ko ɗaya a ƙugunsa ba. Gwiwarsa ba ta taɓa komai ba. Wuyansa a miƙe yake. Tun daga hawan har cikin gari yana laluben aibi, bai samu ba, ban da cewa ba tasa ba ce. A wannan tafiya ce kuma ya gane abin da matarsa ta yi shekara goma sha tara tana haɗiyewa, ya bi ƙeyarta da kallo.

Lahadi bayan sujada aka koma da Ɗan'azumi. Ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, ya cire hula.

"Saje, sai haƙuri. Inji ya buga, ba ta tashi kuma. Da an tsaya tun sa'ad da allura tat tashi, da ba mu kai ga hakanga ba."

Saje ya so ƙwarai a rubuta cewa Rumbu ce ta kashe ta da baƙin ciki. Har yanzu yana ganin tana da nata kason. Amma ƙafar da ta taka totur tasa ce, kuma ya ce kada a sakaya.

Solomon ne ya jawo gawar zuwa gida da igiya. Da yamma ya sami yayansa zaune a kan benci yana kallonta, ya durƙusa ya ajiye makullin jif a gefensa.

"Yaya, duk abin da na iya a kan titi, ita ta koya mini, kai ka zauna a gefena. Ga makulli. Duk sa'ad da kake so, ba sai ka tambaya ba."

"Ɗauke abinka," in ji Saje. "Ko kwana biyu ba ta yi ba."

Daga baya Saje ya ce da a ce dariya ƙanen nasa ya yi masa, da abin ya fi sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta, Saje Mika Bawa. Da safaya taya ɗaya wadda ta fi ta shekaru. Da jak wanda ba ya ɗagawa sai an sa masa katako. Da jarka biyu da ba a samu damar buɗewa ba. Da dutsen da ake tokare mata taya a gangara, wanda ya bi ta ko'ina tun daga Kontagora. Da baƙin tabon mai a tsakar gida wanda Saje ya hana a share. Da amare goma sha ɗaya, waɗanda har zuwa rubuta wannan takarda biyu ne kawai suka zo gaisuwa, su ma sai da suka tsaya leƙen jif kafin su ƙaraso.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Za a tashi daga gidan Saje a Rikoto zuwa garejin Ɗan'azumi, inda 'yan gwangwan za su karɓe ta. Bisa halinta na taimako, an ba da fitilarta ta dama da gilashin baya da ƙofofi biyu ga 'yan'uwanta da ke kwance a garejin. Oda ba ta cikin rabo, Saje ya riga ya kwance ta.

An nemi wata motar da za ta ja gawar, ba a samu mai ƙarfi ba, don haka Rumbu ce za ta ja, bisa sharuɗɗa: giya ɗaya za a yi tafiyar, ba oda, ba kiɗa, kuma a sauke gilasai kowa ya sha ranar da ake sha. Saje zai zauna a cikin marigayiya ya riƙe sitiyari. Saloma ta ce kujerar dama tata ce, kada kowa ya riga ta.

Ana roƙon masu gaisuwa su taƙaita a kan "Allah ya ba da haƙuri." Duk wanda ya ce "ai ga ta Solomon nan," ya ɗauki takalminsa.

Game da dawowa daga gareji, Solomon ya ce akwai wuri. Saje ya ce da ƙafarsa zai tako, ya yi maci mai nisan da ya fi wannan da bindiga a kafaɗa. Tafiyar mil biyu ce, shekarunsa sittin da takwas, kuma a lokacin rana ta take. Don haka iyali na roƙon jama'ar gari alfarma ɗaya: duk wanda ya ga baƙar jif ta wuce da tsakar rana, ya hangi wani dattijo a kujerar baya ya miƙe ƙafa yana kallon gaba, kada ya ɗaga masa hannu. Ya kau da kai kawai, a bar shi ya wuce.